Tasar Da Ba A Wankewa

A Tudun Goruba, wani ɗan gari da ke kan tudu tsakanin Haɗeja da Kirikasamma, an yi wata ungozoma mai suna Yakaka. A zamanin nan ayarin kanwa daga Barno yana ratsa ƙasar kowane rani, Nasara kuwa ko labarinsu ba a fara ji ba. Rabin mazan garin a hannun Yakaka suka faɗo duniya. Ita ta yanke musu cibiya, ta gan su tsirara suna tsala ihu, saboda haka duk girman rawanin mutum ba ya cika mata ido. Ba ta taɓa ɓoye musu haka ba, shi ya sa in sun yi kiciɓis da ita a hanya sai su taƙaita gaisuwa su yi gaba.

Azumin shekarar ya zo a ƙarshen damina. Kogi ya tumbatsa ya cika fadama, ruwa ya kewaye garin, ba shiga ba fita sai a kwalekwale ko a kan gora. A nan ne Fannami, attajirin garin da fataucin bandar kifi ya ɗaga, ya sanar cewa bana duk dattawan gari a zaurensa za su riƙa shan ruwa. Fannami mutum ne da ba ya iya ba ka goro sai ya waiga ya ga ko akwai mai kallo. Don haka ciyarwa kawai ba ta ishe shi ba, sai da ya ce kunun tsamiyar dattawa a cikin tasar mahaifinsa za a riƙa kawo shi.

Kowa a garin ya san tasar nan. Babba ce, ta jan ƙarfe, mahaifin Fannami ya zo da ita daga hanyar Gabas bayan shekara tara yana tafiya. A cikinta an sassaƙa wani rubutu da ba wanda ya iya karantawa, har liman, amma duk an yarda na albarka ne. Dokarta ɗaya ce: ba a wanke ta. Ba toka, ba yashi, ba soso, kada a kankare albarkar. In an gama da ita sai a kife ta ta tsane. Shekara da shekaru tana kife, cikinta ya yi kore shar, kuma wannan koren shi mutane ke nuna wa baƙo da alfahari. Da can ba a fito da ita sai in naƙuda ta yi tsanani, a zuba ruwa zalla a ba mace ta kurɓa. Yakaka da kanta ta sha aronta.

Mai dama kunun kuwa Bintu ce, ƙanwar Yakaka uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta shi ke tuƙa wa Fannami kwalekwale kafin ya rasu, aka bar ta a wani ɗaki a gefen gidan, shekara ashirin tana yi musu girki. Mace ce mai sanyi, wadda in ka taka ta ita za ta ba ka haƙuri. Yakaka kan ce duk bakin gidansu ita ta kwashe, ba ta rage wa Bintu ko na gaisuwa ba.

Tun ranar farko cikin dattawa ya fara murɗa. Suka ce ai farkon azumi ne, ciki bai saba ba. Rana ta uku aka fara amai, wasu kafin su kai gida, wasu a bayan dangar Fannami. Suka ce zafi ne. Kunun yana da wani ɗaci a maƙogwaro, suka ce ɗanɗanon rubutun ne. Ba wanda ya yarda ya fasa zuwa, kada a ce ba a gayyace shi ba. Manyan mutane masu furfura suna fitowa daga zaure a guje, riƙe da bakin wando, gobe kuma su dawo su zauna bisa tsarin shekaru kamar ba su ba. A rana ta tara tsoho Zarami, wanda ya fi kowa shekaru, ya kwanta da amai da gudawa. Kwana biyu ya yi, jikinsa ya bushe, ya cika.

Sai a lokacin hankali ya zo musu, irin nasu. Fannami ya dakatar da shan ruwan zaure saboda zaman makoki, kuma a wurin zaman makokin aka haɗa magana. Mata da yara a cikin gida kunun nan suke sha, ko kan ɗaya bai yi ciwo ba. Maza kaɗai ke kwanciya. To me ya rage? Mai damawa tana ware na maza ta yi masa barbaɗe. Dalilinta? Ba wanda ya sani, kuma ba wanda ya ga rashin dalilin ya dame shi. Bulama, mai garin, ya ce ranar Alhamis da hantsi za a zauna, in ta tabbata Bintu ta bar garin, kuma sunan zai bi ta duk inda ta sauka.

Ranar Litinin da azahar Bintu ta shigo gidan Yakaka, mayafinta a hannu, ta durƙushe a tsakar gida.

"Yaya, wallahi ban saka komai ba. Tukunya ɗaya ce. In na dama sai in cika tasa tukuna, sauran in raba wa cikin gida."

"Tashi daga ƙasa, ba ni na ce kin saka ba. Yaushe kike cika tasar?"

"Da an yi azahar. Maigida ya ce a zuba da wuri ya huce a ciki, ya jiƙu da albarka."

"Ya jiƙu da albarka," in ji Yakaka, ta ja tsaki. "To share hawayenki. Kuka ba zai fitar da ke ba, kuma ba zan je in roƙi waɗannan ba. Kwana uku gare mu."

Ta san maza ba za su amsa mata tambaya ba, don haka ba ta ɓata bakinta a kansu ba. Ta ɗebi 'ya'yan tsamiya a hannu ta shiga gari da sunan gaisuwar masu jiki. Matan gida su ke kwashe aman, su ke wanke wandunan, su suka san komai. A kowane gida tambayoyinta guda ne: ya je zaure? Me ya sha? A ina yake zama? Yaushe cikin ya motsa? Aman wane launi ne? Wanda ya kwanta ta ƙulla masa ƙwallo ɗaya a gefen dama na mayafinta, wanda bai kwanta ba a gefen hagu.

Kafin la'asar ta gama. Mutum goma sha uku ke zama a zauren. Goma sha ɗaya a dama, biyu a hagu. Matan duk sun ce aman yana zuwa tun kafin a yi isha'i, kuma yana da kore-kore. Ta zauna a gindin giginya ta kwance gefen hagu ta dubi ƙwallayen nan biyu. Ɗaya Shu'ibu ne, wanda kakanninsa makiyaya ne, shi da gorar madararsa yake zuwa, ba ya taɓa kunu. Wannan bai nuna komai ba sai cewa ciwon a kunu yake. Na biyun shi ya sa ta miƙe zaune: Haladu ladan. Haladu yana can yana kiran salla lokacin da ake zagayawa da tasa, kafin ya iso an shanye. Sai a aika cikin gida a ce a kawo na ladan, Bintu ta ɗebo masa a ƙoƙo da hannunta. Namiji ne, dattijo ne, Bintu ta san nasa ne, kwana tara yana sha, ko gyatsa bai yi ba. Ta yaya mai barbaɗen da ke neman maza za ta bar wanda ya fi sauƙin samu?

Marigayi Zarami kuwa, matarsa ta ce saboda shi ne babba shi ke fara sha, kuma in tasar ta zagayo shi ake miƙa wa guntun ƙasa, wai nan albarkar ta fi kwanciya. Ya fi kowa sha, ya fi kowa kwanciya.

Washegari da safe ta nufi gidan Fannami ta bayan gida, ta sami matarsa Umma tana tankaɗe. Ta ce a ara mata tasa ta duba, akwai mai ciki da take tsoron haihuwarta. Umma ta ɗauko ta da hannu biyu.

"Kin ga ikon Allah, Iya? Maigida ya ce alamar an karɓi sadakarsa ce. Kullum ƙara haske take yi."

Yakaka ta karkata tasar ga rana. Daga baki zuwa kamar faɗin yatsa uku, kore ne kamar yadda ta san shi tun tana budurwa. Daga nan zuwa ƙasa, daidai inda kunu ke tsayawa, jan ƙarfe ne fes yana ƙyalli, har rubutun ya fito raɗau. Layin a miƙe yake ya zagaye tasar.

"Umma, da me kike wanke mundayenki in sun dafe?"

"Da tsamiya mana."

"In kin jiƙa su, dattin ina yake zuwa?"

"Cikin ruwan. Sai in zubar."

Umma ta faɗi haka, sannan ta dubi tasar, ta dubi Yakaka, ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta karɓi tasar ta mayar ɗaki da sauri.

Yakaka ta fito tana dariyar takaici. Duk yarinyar da ta isa ɗaura zane a garin nan ta san tsamiya tana cin dattin jan ƙarfe. Amma mutum goma sha ɗaya, da limaminsu da bulamansu, waɗanda tunda aka haife su ba su taɓa wanke ko ludayi ba, sun zauna kwana tara suna shanye ruwan wankin tasa suna cewa alhamdu lillahi. Dauɗar shekara arba'in ta bi maƙogwaronsu, su kuwa suna kallon gindin tasa yana haske suna taya Fannami murna. Ta raina su a ranar fiye da yadda ta taɓa raina su, kuma ba ƙaramin aiki ba ne wannan.

Duk da haka ba ta yarda da kanta ba tukuna. Shekarun da ta yi a bakin naƙuda sun koya mata cewa abin da ya yi kama da gaskiya yakan kashe mace. Ta koma gida ta sa Bintu ta dama kunu a gabanta, gasara da tsamiya kamar kullum. Ta raba shi a ƙwarya biyu sababbi. Ta tono tsofaffin mundayen uwarsu na jan ƙarfe daga ƙasan adudu, waɗanda suka yi kore don rashin sawa, ta nutsa su a ƙwarya ɗaya, ta bar ɗayar haka nan. Ta cika ta uku da ruwan randa zalla ta jefa munduwa ɗaya a ciki, don ta san dalilin da ya sa matan da ta shayar da ruwan tasa ba su taɓa yin amai ba. Ta rufe su da faifai tun azahar.

Da rana ta kusa faɗuwa ta buɗe. Munduwar da ke cikin ruwa tana nan da korenta. Na cikin kunu ba ta son sa hannu, sai ta zaro askarta ta yankan cibiya, wadda kullum take goge ta tas, ta laluba ta maƙalo su. Sun fito jawur kamar yau aka ƙera su. Ta bar askar a cikin ƙwaryar ta tsaya juya mundayen. Da ta dawo ta ɗauke ta, sai ta ga iyakar inda kunu ya taɓa, baƙin ƙarfen ya yi ja, kamar an shafa masa jan ƙarfe. Ta goge ta da toka ta sa a ɗaya ƙwaryar, ta jira daidai wancan jiran. Ta fito yadda ta shiga. Ta sake mayar da ita ta farko, ta sake yin ja. Sau uku ta yi haka.

Haladu ya kira salla. Ta miƙa wa Bintu ƙwaryar da ba a sa komai ba, ita kuma ta ɗauki mai mundaye.

"Yaya, don girman Allah kada ki sha."

"In ban sha ba me zan ce musu? In ce aska ta gaya mini?"

Ludayi huɗu ta sha. Ɗacin ya kama mata harshe kamar ta tsotsi tsohon ƙarfe. Kafin ta idar da magariba yawu ya cika mata baki, ta sallame da ƙyar ta rarrafa bayan ɗaki. Bintu tana riƙe da kafaɗunta tana kuka, ita kuwa tsakanin amai da amai cewa take yi, "Duba launinsa. Ki duba da kyau, kore ne ko ba kore ba?" Kore ne. Bintu da ta shanye tata ƙwaryar lafiya lau ta kwana.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a ƙofar Bulama. Maza a kan tabarmi, Bintu a durƙushe a rana, Yakaka a tsaye a bayanta ko da yake an nuna mata inda za ta zauna. Fannami ya yi magana mai tsawo a kan alherin da ya yi wa matar nan. Da aka ba Yakaka dama ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi roƙo ba. Ta kwance mayafinta ta zube ƙwallaye, goma sha ɗaya nan, biyu can, ta kira sunan kowa. Ta tambayi Haladu a me yake shan nasa. Ya ce a ƙoƙo. Wa ke ɗebo masa? Ya dubi Fannami tukuna, sannan ya ce Bintu. Ta ba su labarin mundaye da ƙwarya uku, da abin da ta sha da abin da ya biyo baya.

Dattawa suka yi ta gyaran murya. Malam Haruna liman, wanda tun rasuwar Zarami ya zama shi ne babba, ya ce, "Yakaka, tasar nan fa daga Gabas ta zo."

"Allah gafarta Malam, ko daga ina ta zo jan ƙarfe ce. Tsamiya ba ta tambayar garin kwano."

"Wato ubana guba ya ɗauko mana ke nan?" in ji Fannami, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ubanka ruwa yake zubawa a ciki, ya kurɓa ya kife. Kai ne ka jiƙa ta da tsamiya daga azahar zuwa magariba don a ce ka isa. Ranka ya daɗe," ta juya ga Bulama, "abin ba ya buƙatar gardama. A tsare Bintu a nan ƙofarka yau. Umma ta dama kunu da hannunta, mijinta yana tsaye. A zuba a tasa da azahar kamar kullum, dattawa su sha da magariba. In sun kwana lafiya, ni da kaina zan raka ƙanwata bakin ruwa."

Fannami ya ce ya yarda tun kafin Bulama ya buɗe baki, domin jama'a na kallo. Sauran suka gyaɗa kai a sanyaye. Bulama ya ce to haka za a yi.

Da yamma zauren Fannami ya cika, har a waje mutane sun yi cincirindo. Aka bar Yakaka ta tsaya a bakin ƙofa. Tasa tana tsakiya a kan faifai, cike da kunun da Bintu ko ganinsa ba ta yi ba. Yakaka ta san abin da zai faru. Su sha, kafin isha'i su yi ta kelaya amai a gaban gari, magana ta ƙare. Abin da ya rage mata kawai ta kama bakinta, kuma ta yi niyyar kamawa. Ta ma ƙosa ta gani.

Haladu ya ɗaga murya daga masallaci. Fannami ya ɗauki tasa ya miƙa wa Malam Haruna, tunda shi ne babba. Shi zai fara, kuma shi za a miƙa wa guntun ƙasa. Yakaka ta dube shi. Tsohon bai gama farfaɗowa daga na kwana tara ba, idanunsa sun faɗa, wuyansa ya zama kamar sillen kara. Ta tuna ludayi huɗu kawai ta sha, ita da ƙarfinta, ta ga yadda ta kwana. Wannan in ya sha rabonsa na babba, ranar Asabar za a haƙa wani kabarin. Ba ƙaunarsa take yi ba. Mutum ne da bai taɓa faɗin abin da zai ɓata wa mai kuɗi rai ba. Amma shekara arba'in aikinta hana rai fita ne, jikinta bai iya tsayawa kallo ba.

"Malam, ajiye!"

Ta ratsa tabarmin maza, abin da mace ba ta taɓa yi ba a zauren, ta danne tasar ƙasa. Ta zaro askarta ta ɗaga kowa ya ga baƙin ƙarfe ne fes, ta tsoma a kunu ta riƙe. Mutane da ƙishirwar yini guda ba wanda ya motsa. Da ta ga ya isa ta zaro, ta ɗauraye a butar alwala, ta miƙa wa liman. Rabin askar ja ne. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Yakaka tana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma ta ga kowa ya gane. Shu'ibu ya ce, "La ilaha illallahu," a hankali. Wani ya shafa cikinsa bai sani ba.

"Ga abin da kuka yi ta sha," in ji ta. "Wanda bai yarda ba ga tasa, ya sha. Amma ba tsohon nan ba."

Ba wanda ya miƙa hannu. Fannami ya dubi tasar, ya dubi taron da ke waje. Yakaka ta ga lokacin da dabara ta faɗo masa, har kafaɗunsa suka sauka.

"Wace aska ce wannan?" ya tambaya da ƙarfi. "Ba ita ce ta yankan cibiya ba? Ƙarfen jinin biƙi ta tsoma mana a abin buɗa-baki, a cikin tasar mahaifina! Wa zai sha najasa? Allah gafarta Malam, ya halatta a sha?"

Malam Haruna yana riƙe da askar. Ya daɗe yana kallonta.

"To," in ji shi, "abin da aka yi shakka a kansa, barinsa ya fi."

Kai ka ce an sauke musu kaya. Nan take zauren ya ɓarke da salati da Allah wadai. Mutanen da ɗazu ba su iya haɗa ido da tasar ba, yanzu kowa na rantsuwa da ya sha in ba don matar nan ta ɓata ba. Jan da ke jikin askar ma aka ce wa ya san abin da ungozoma ke shafa wa kayanta. Aka kwarar da kunun a bayan danga, aka aika cikin gida a kawo wani a ƙwarya. Suka sha suka ƙoshi.

Da safe Bulama ya yanke. Ya ce gwajin bai kammala ba, kuma wadda ta nema ita ta rushe shi. Ba a tabbatar Bintu ta yi ba, ba a kuma wanke ta ba. Tunda zukata ba su kwanta da hannunta ba, ta koma wurin dangin mijinta a Baturiya har ƙura ta lafa. Yakaka ta ce a sake gwajin yau, ba za ta ko leƙo ba. Fannami ya ce tasar mahaifinsa ba abin wasan mata ba ce. Ya riga ya naɗe ta a farin ƙyalle ya rataye ta can saman azara, kada a sake wulaƙanta ta, kuma daga yau a ƙwarya za a riƙa kawo kunun dattawa.

Bintu ta ɗaure tukunyarta da muciya da tabarma. A bakin ruwa mata suka tsaya nesa, ba wadda ta matso, har waɗanda ta yi wa wankan jego. Umma ta aiko da ƙullin gero ta hannun wata, ba saƙo.

"Da kin bar shi ya sha, Yaya," in ji Bintu. Ba da faɗa ta faɗa ba, ba ta iya faɗa ba.

"Na sani."

"Da yanzu ina ɗakina."

"Na sani, Bintu."

Mai kwalekwale ya tura, suka shiga cikin ciyawar burgu, Yakaka tana tsaye har ta daina ganin farin mayafin.

Sauran azumin lafiya lau aka yi shi. Dattawa suka ci gaba da cika zauren Fannami, ba murɗa ba amai, har kumatu suka yi. Ranar Salla a filin idi Yakaka ta ji da kunnenta ana cewa ai ga shi nan, tunda matar nan ta bar gari ko ciwon kai ba a sake yi ba. Abu biyu aka kawar rana ɗaya, tasa da Bintu, kowa a garin ya san haka, amma ɗaya kawai ake ambata.

A hanyar komawa gida Malam Haruna ya rage tafiya har jama'arsa suka yi gaba. Ya matso kusa da ita, yana kallon wani wuri daban.

"Yakaka," ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya saka miki. Na san abin da kika tare mini."

"Ka sani?"

"Na sani. Na ga askar."

"To ga jama'a can ba su watse ba, Allah gafarta Malam. Taku goma ne. Je ka faɗa musu, gobe in aika a ɗauko ƙanwata."

Tsohon ya dubi taron, ya dubi Fannami a tsakiyarsu cikin sabuwar riga. Ya gyara zaman rawaninsa.

"Barka da Salla," in ji shi, ya bi bayansu da sauri.

Yakaka ta juya. Ta wuce gida ta zuba tuwon Salla a akushi, ta rufe da faifai, ta sauka bakin ruwa neman mai zuwa Baturiya.